Yadda Ake Tara Ruwan Sama a Ajiye Shi Har Ƙarshen Rani a Gadarif da Makwabtanta

Duk wanda ya yi damina ɗaya a Gadarif, a gabashin Sudan, ya san yadda ruwa yake zuwa a nan. A watan Yuli da Agusta sama takan buɗe, lunguna su zama tabo har takalmi ya maƙale, kwaruruwa su cika su batse, amma kafin watan Maris ya kama sai ka ga mutanen unguwa ɗaya sun yi cirko-cirko suna jiran mai keken jaki da gangarsa. Garin yana samun kimanin milimita 600 na ruwan sama a shekara, wanda ya ninka abin da Khartum take samu fiye da sau uku, sai dai ruwan ƙarƙashin ƙasarsa kaɗan ne, shi ya sa aka daɗe ana janyo masa ruwa ta bututu daga wajen Shuwak, a bakin kogin Atbara. Tara ruwan sama ba shi da wuya, domin ko yaro ya kafa bokiti a ƙarƙashin indararo zai tara. Aikin yana wajen riƙe shi wata bakwai ba tare da rana ta shanye shi ba, ƙasa ba ta tsotse shi ba, ƙazanta kuma ba ta lalata shi ba.

Mataki na farko lissafi ne

Kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya, a zauna da takarda da alƙalami. Ƙa'idar guda ɗaya ce kuma ba ta canjawa: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 yana ba da lita 1. A auna tsawon ɗaki da faɗinsa daga ƙasa, har da bakin kwanon da ya zarce bango, ba sai an hau rufi ba, domin inuwar da rufin yake yi a ƙasa ita ce ma'auni, ba gangarensa ba. Idan rufin ya kai mita 10 a tsawo da mita 6 a faɗi, an sami murabba'in mita 60. A ninka wannan da 600, a sami lita 36,000. Daga nan a cire kashi ɗaya cikin biyar saboda abin da yake fantsama da wanda iska take kaɗawa da wanda za a zubar da gangan, sai a rage da lita 28,800, wato ganga 144 irin mai cin lita 200. A wurin da ruwan shekara bai wuce milimita 250 ba, kamar yadda ake gani idan an nausa arewa wajen Kasala, wannan rufin zai ba da lita 12,000 ne kawai.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ji wannan adadi ya ce zai gina tankin da zai ɗauke shi duka, sai kuɗi ya ƙare ginin yana rabi, ramin ya zauna a tsakar gida yana tara shara. Girman tanki daga buƙata ake fitar da shi. Gida mai mutum 8, idan aka ware wa kowa lita 5 a rana don sha da girki kaɗai, yana buƙatar lita 40 a rana, kuma daga Nuwamba zuwa ƙarshen Mayu kwana 210 ne da 'yan kai, abin da ya kama lita 8,400. Tanki mai cin lita 10,000 ya wadatar da wannan gida, da ɗan rara saboda baƙi da shekarar da damina ta makara. Wanka da wanki da ban-ruwan dabbobi a bar su a kan ruwan famfo ko na saye, domin idan aka haɗa su a cikin lissafin, tankin zai ƙare tun kafin sanyi ya wuce.

A duba irin rufin

Rufin kwano, wanda a nan aka fi kira zinki, shi ne ya fi dacewa, sai kuma dakalin siminti mai santsi. Gutiya, wato bukkar ciyawar da Gadarif ta yi suna da ita, ruwanta yakan fito da launi da wari, kuma ciyawar tana shanye mafi yawansa, saboda haka sai dai a yi yayyafin tsakar gida da shi. Rufin soro da aka shafe da zibala ya fi wannan haɗari, tun da kashin dabbobi ne ake kwaɓawa da ƙasa a yi yaɓen, kuma duk ruwan da ya zubo ta sabaloka, wato indararon soro, daga irin wannan rufi bai halatta ya shiga tankin sha ba ko da ya yi fari tas. Idan kwanon ya yi tsatsa sosai a sauya fallen da ya lalace, a sare rassan darbejiya da suka rufa a kansa, a kuma kawar da ɗakin tantabaru daga wannan ɓangare na gidan.

Indararo da bututu

A kafa indararon kwance a bakin kwano daga wannan kusurwa zuwa waccan, ko na ƙarfe da maƙeri ya lanƙwasa, ko bututun roba mai inci 6 da aka tsaga gida biyu. A ba shi gangare na santimita 1 a kowace mita, a ɗaure shi da maƙalai masu ƙarfi waɗanda tazararsu ba ta wuce mita ɗaya ba, domin indararo cike da ruwa yana da nauyi, kuma iskar da take rigan hadari zuwa a wannan ƙasa ba ta barin abin da aka ɗaure da sako-sako. Bututun da zai sauko da ruwan kada ya gaza inci 4. Dalili kuwa shi ne ruwa ɗaya mai milimita 50 zai zubo da lita kusan 2,400 daga wancan rufin cikin sa'a ɗaya ko biyu, ƙaramin bututu kuma zai shaƙe ruwan ya riƙa ambaliya ta saman indararo. A bakin bututun a sa ragar waya da za ta tare ganye da gashin tsuntsu.

Ruwan da ake zubarwa

Nan ne ya kamata a tsaya a natsu, domin tsabtar tankin duka a kan wannan mataki ta rataya. Wata bakwai rufi yana shan ƙurar rani da guguwar habub, ƙadangaru da tsuntsaye suna kashi a kansa, wani lokaci har mushen ɓera yakan bushe a cikin indararo. Ruwan farko na damina wanka ne ga rufin, don haka a cire haɗin bututu a bar shi ya tafi gindin itatuwa gaba ɗayansa, a kuma hau da tsintsiya a share kwanon da indararon kafin ruwa na biyu.

Bayan wannan, kowane ruwa da zai sauka yana da nasa kason ƙazanta a farkonsa, kuma gwargwadon da ake zubarwa shi ne kimanin lita 1 a kan kowane murabba'in mita, wato lita 60 ga rufin da muke misali da shi. Wasu sukan ce za su riƙa karkatar da bututu da hannu na 'yan mintoci, amma ruwan damina yakan zo da tsakar dare, kuma ban ga maigidan da ya jure fita cikin tsawa har ƙarshen Satumba ba. Abin da ya fi shi ne a yi wa bututun reshe. A sa mahaɗi mai baki uku a inda bututu ya sauko, baki ɗaya ya nufi ƙasa zuwa cikin ƙaramar ganga rufaffiya mai cin lita 60, ɗayan kuma ya miƙe zuwa tanki. Ruwa yakan fara cika gangar da ke ƙasa, sai ta cika sannan ya haura ya bi hanyar tanki. Idan aka jefa ƙwallon roba a cikin wuyan gangar, wanda ya fi bakin wuyan girma kaɗan, zai taso ya toshe bakin idan ta cika, ya hana gurɓataccen ruwan komawa sama. A gindin gangar a sa famfo, a kuma ɗora wa yaro ɗaya a gidan alhakin buɗe shi da safe bayan kowane ruwa, domin gangar da aka bari cike ba ta da amfani a ruwa na gaba.

Game da matata kafin tanki, ra'ayina shi ne a taƙaita ga raga da tsakuwa wankakkiya a cikin rabin ganga. Yashi mai laushi ba ya iya wuce da ruwa da saurin da sama take zubo shi, sai matatar ta cika ta tumbatsa a yi asarar ruwan da aka wahala dominsa.

Ginin tanki a baƙar ƙasa

Mai hali yana iya sayen tankin roba, kuma babu laifi a ciki matuƙar an zaɓi mai duhun launi wanda haske ba ya ratsawa, an ɗora shi a kan dakali shimfiɗaɗɗe, an kuma yi masa rumfa. A tuna cewa lita 1,000 na ruwa nauyin tan 1 ne, saboda haka jera bulo huɗu a ƙarƙashinsa ba dakali ba ne. Amma ga wanda yake son lita 10,000, tankin da aka gina a cikin rami ya fi sanyaya ruwa kuma ya fi daɗewa, sai dai ƙasar Gadarif tana da halinta da dole a yi la'akari da shi. Wannan baƙar laka da take ba da dawa da riɗi tana kumbura idan ta sha ruwa, ta kuma tsattsage idan ta bushe har hannu ya shige cikin tsagar, kuma wannan motsi shi ne yake fasa katangun gidaje a garin. Tankin da aka manna shi da ita kai tsaye ba ya wuce damina biyu ko uku bai tsage ba.

A zaɓi wuri mai ɗan tudu a cikin gida, nesa da masai da aƙalla mita 15, kuma masai ya kasance ta gangare, ba ta sama ba. A nisanci manyan itatuwa saboda saiwa. A yi tankin zagayayye kamar rijiya, domin gini mai kusurwa a kusurwar yake fara tsagewa. Faɗin ciki na mita 2.5 da zurfin mita 2 yana ba da lita 9,800 da ɗoriya. A haƙa ramin ya fi ginin faɗi da rabin mita ta kowane gefe, a zuba tsakuwa da yashi a ƙasansa kamar kaurin santimita 20 a daddaɓe, sannan a zuba kankare mai rodi na santimita 15 a kai. A tayar da bango da jan bulo ƙonanne, ana ɗaura masa zoben rodi ko waya mai kauri bayan kowane layi uku. Ratar da aka bari tsakanin bango da bakin rami kada a mayar mata da baƙar ƙasar da aka haƙo, a cika ta da yashi da tsakuwa, su ne za su zama matashi tsakanin ginin da lakar idan ta motsa. Bangon ya ɗago rabin mita daga doron ƙasa domin kada ruwan tsakar gida ya kwarara ciki.

Shafen ciki a yi shi da kwanon siminti 1 a kan kwanon yashi 3, hawa biyu, a gama kowane hawa a yini ɗaya ba tare da an bar rabi zuwa gobe ba, a kuma cike kusurwar da bango ya haɗu da daɓe ta zama lanƙwasa. Daga nan sai a bi da kunun siminti zalla. Abin da magina da yawa suke wasa da shi shi ne shayar da ginin. Siminti da ruwa yake ƙarfi, zafin Afrilu da Mayu kuwa yana busar da shi tun bai kama ba, don haka a lulluɓe shi da buhunan algarara jiƙaƙƙu ana yayyafa musu ruwa safe da yamma har mako biyu. Na san ciwon sayen ruwa don a zuba wa bango a lokacin da gangar ta fi tsada, amma wanda ya yi rowar ganga biyar a nan zai yi asarar ganga hamsin ta tsaga. Saboda wannan ma ya fi kyau a yi ginin a ƙarshen damina ko cikin sanyi.

Murfin ya zama na kankare, da ƙofa guda wadda mutum zai iya shiga, mai marfin ƙarfe da kwado, domin yara. A sa bututun rara daidai girman na shiga, a kai bakinsa nesa da tankin da mita 3 ko fiye don kada ya jiƙa lakar da ke kewaye, a kuma ɗaure ragar sauro a bakin kowace kafa. Tanki mai duhu ba ya yin gansakuka, wanda sauro bai shiga ba kuma ba ya zama gidan zazzaɓi. Wajen ɗiba, ƙaramin famfon hannu ya fi, bakin bututunsa ya tsaya santimita 15 sama da daɓe don kada ya tayar da laka. Idan guga za a yi amfani da ita, ta zama guda ɗaya tak da igiyarta, a rataye su, kada su taɓa ƙasa. Ko a ƙarshen rani kada a kwashe tankin ƙaf, a bar ruwa kamar tsawon tafin hannu saboda shafen kada ya bushe ya daddare.

Ruwan da aka ɗebo don sha a tafasa shi ko a sa masa ƙwayar kulorin gwargwadon abin da aka rubuta a jikin takardarta, a jira rabin sa'a, sannan a zuba a randa mai murfi da moɗa ta musamman. Wannan ya zama dole musamman a lokacin da aka ji ɓullar amai da gudawa a gari.

Idan aikin na ƙauye ne gaba ɗaya

Rufi yana shayar da gida, amma garke da ƙauye sai hafir, wato tafkin da ake haƙawa da hannu ko da mota a tare masa ruwan kwari. Dabara ce tsohuwa a wannan ƙasa, domin babban hafir ɗin da ke Musawwarat, wani kufai a arewa maso gabashin Khartum, tun zamanin tsohuwar daular Marawi aka haƙa shi, kuma har yau ana ganin gaɓarsa. Mutanen yammacin Kurdufan, wajen Nuhud, sun bi wata hanyar: sukan rarake cikin kuka, wadda suke kira tabaldi, su yi mata kwarmi a gindi inda ruwa zai taru, su riƙa jansa da guga suna ɗurawa a cikin kututturen, kowace kuka kuma da gidan da ya mallake ta. Abin da ya sa wannan dabara ta yi aiki shi ne ruwan yana cikin inuwa a rufe, kuma rashin wannan inuwa shi ne babbar matsalar hafir.

A fara da gwajin ƙasa. A haƙa ramuka uku ko huɗu a wurin da aka zaɓa har zurfin da ake so, a murza jiƙaƙƙiyar ƙasar kowane hawa a tafin hannu. Idan ta yi igiya ta lanƙwasu ba ta karye ba, laka ce mai riƙe ruwa, idan ta wargaje to an taɓo yashi, kuma kada haƙa ya kai wannan hawa. A nan baƙar ƙasar da ta zama matsala ga tanki ita ce alheri, domin da zarar ta jiƙa takan toshe kanta. A jigawa irin ta Kurdufan sai an shimfiɗa laka an daddaɓe ko an sa leda mai kauri. A tambayi dattawa inda ruwa ya saba bi da iyakar da ya taɓa kaiwa a shekarar ambaliya, a kafa hafir ɗin a gefen kwari, a janyo masa ruwa ta magudana, kada a dasa shi a tsakiyar hanyar ruwa. A kuma zauna da makiyayan da burtalinsu ya bi ta wurin da hukumar yankin tun kafin a sa diga.

Zurfi ya fi faɗi muhimmanci. Idan aka ƙaddara rana tana shan milimita 7 a kullum, cikin kwana 200 ta sha mita 1.4, ke nan hafir mai zurfin mita 2 na rana ne, mutane ragowar laka za su samu, mai zurfin mita 4 kuwa zai kai su bazara. A yi gefensa da gangare mai sauƙi don kada ya rufta, a tara ƙasar da aka haƙo ta zama ganuwa a ɗan nesa da baki. Kafin mashiga a yi ƙaramin rami inda ruwa zai lafa ya sauke lakarsa, a kuma gina mafitar rara da dutse, mai faɗi, ƙasa da kan ganuwa. Ruwan da bai sami hanyar fita ba yakan yi wa kansa hanya, kuma mutanen gabas ba su manta da fashewar madatsar Arba'at ba a watan Agusta na 2024, wadda birnin Bur Sudan ya dogara da ita.

A kewaye hafir da shinge, dabba ko mutum kada ya shiga cikin ruwan, domin ta nan tsargiya da cututtukan ciki suke yaɗuwa. A fitar da ruwa ta bututu zuwa rijiya a wajen ganuwa, kwamin dabbobi a gefe guda, wurin ɗibar mutane a wani gefen. Ruwan hafir yana zuwa da duhu, kuma matan ƙauyukan Sudan sun daɗe da sanin maganin wannan: a ɓare 'ya'yan zogale busassu, a daka su lukui, kimanin ƙwaya ɗaya ga kowace lita, a dama a ɗan ruwa a zuba, a juya da sauri sannan a hankali, a bar shi sa'a ɗaya ya kwanta, a tsiyaye na sama. Alif ma yana yin wannan aiki. Dukansu laka suke kwantarwa, tafasawa ko kulorin yana nan a matsayinsa.

Ga mai gona a inda ruwa ya yi ƙaranci, akwai taras irin na manoman Kasala: kunya mai tsayin kusan rabin mita a gefen gangare na gonar, da hannuwa biyu da suka haura sama, a bar gefen tudu a buɗe ruwan fili ya shigo ya kwanta ya nutse, a shuka dawa a kan danshin. A daidaita kunyar da siririn tiyo mai ruwa a ciki don kada gefe ɗaya ya fi zurfi ya ɓalle.

Aikin watan Mayu

Kafin hadarin farko, a kira gayya, wadda maƙwabtanmu Larabawa suke kira nafir, a yashe lakar hafir da ta ramin mashiga, a kai ta gona ko bayan ganuwa inda ruwa ba zai dawo da ita ba, a toshe ramukan ɓeraye a jikin ganuwa, a gyara shinge. Kuɗin wannan aiki daga ɗan abin da ake karɓa a bakin rijiya yake fitowa, don haka a rubuta shi a littafi a hannun mutum biyu. A gida kuma a juye ragowar ruwan tanki a ganguna, a buɗe ƙofar ta sha iska yini guda, mutum ɗaya ya shiga da igiya a ƙugu wani yana tsaye a sama, kada kuma a kunna injin fetur a ciki ko a bakin ƙofar. A kwashe laka, a goge bango da burushi da ruwan kulorin ba tare da sabulu ba, a duba tsaga a like ta, a mayar da ruwa kaɗan a ƙasa. Sannan a yanki sanda mai tsabta a yi mata zane a kowace santimita 10. A tanki mai faɗin mita 2.5 kowane zane lita 490 ne, abin da zai ishe gida mai mutum 8 kwana 12, kuma da ita za a riƙa auna ruwan a farkon kowane wata daga Nuwamba.